Giwan Ruwan da Aka Saki Ranar Suna

Duk wanda ya taɓa sauka bakin gulbi a Tunuga ya san Yakuba Sorko, in ma bai san sunansa ba ya san malafarsa, wadda ta tsufa har ta gaji da tsufa. Gajeren mutum ne, kakkaura, mai ƙaramar murya, kuma ba shi da gardama. Ka ce masa gulbi zai ƙafe gobe, zai ce Allah ya kyauta. Ka ce masa tarunsa ya fi na kowa muni, zai yi dariya ya ce gaskiyarka. Amma ka kuskura ka ce giwan ruwan da ke gurbin tsamiya kifi ne kamar sauran kifaye, to a ranar za ka san cewa mai haƙuri ma yana da jan ido.

Gidansu na da wata al'ada wadda ko cikin masunta ba a san ta a wani gida ba. Ranar sunan yaro, uban zai fita da sassafe ya kamo ɗan giwan ruwa wanda bai wuce tafin hannu ba, ya cire masa ƙaya biyu daga ƙayoyin baya tun daga tushe don kada su sake tsirowa, sannan ya sake shi a gurbi mai zurfi. Wannan kifi shi ne tsaran yaron. Tare za su girma, ɗaya a tudu ɗaya a ruwa, ranar da kifin ya mutu kuwa, mai shi sai ya fara shiri. Mahaifin Yakuba ya yi masa haka ana gab da samun mulkin kai, don uwarsa ta ce yana goye a bayanta aka ɗaga tuta a Gaya. Kafin a haifi ƙanensa Anas, wani malami ya yi wa uban wa'azi mai zafi har ya bar al'adar. Sai dai kifin Yakuba ya riga ya shiga ruwa, wa'azi kuwa bai kai ƙasan gurbi ba.

Kada ku ɗauka mutumin ba ya salla. A sahun farko ake samunsa. Shi a wurinsa babu abin da ya ci karo da wani: rai na hannun Allah, kifi alama ce kawai, kamar yadda hadari ke nuna ruwa ba tare da shi ne mai bayarwa ba. Da wannan lissafi ya rayu, kuma lissafin ya ɗaure shi a wuri ɗaya kamar akuyar turke. Anas ya zama direban kamyo, wato babbar motar kaya, a hanyar Kwatano, ya yi gida a Gaya, ya kira shi ya fi a ƙirga ya ƙi. Abokansa sun bi ruwa har Yawuri da Jebba suna su, ya ce su sauka lafiya. Iyakarsa Gaya, sai kasuwar Malanbil a tsallaken gada, kuma bai taɓa yarda ya kwana biyu a can ba. Kowace Juma'a yana ɗaukar ƙwaryar dusa ya tuƙa jirginsa zuwa gindin tsamiya ya watsa. Giwan ruwa ba ya cin dusa, Yakuba ya fi kowa sani, amma ƙananan kifaye suna ci, shi kuma babban ya ci su.

Matarsa Ajuma, doguwa mai sana'ar bandar kifi, wadda bakinta ya fi wuƙarta kaifi, ta yi mitar dusar nan tun tana amarya har ta yi jikoki. Takan ce akuyoyinta ne kaɗai a Tunuga ke yin azumi ranar Juma'a. Mutanen gari kuwa sun bar masa gurbin, wasu don girmamawa, wasu don gudun rigima. In ruwa ya ja baya akan ga baƙin baya ya taso kusa da saiwar tsamiya, da giɓi a ƙayoyinsa. Duk shekarar da aka gan shi sai Yakuba ya yi ƙiba, shekarun da ba a gan shi ba kuma ya rame har a fara yi masa sannu.

To, a bazarar da abin ya faru, sauran kaɗan a yi layya, wani baƙon masunci mai suna Yunus ya hauro daga Yawuri. Kowa a bakin gulbi ya zaci wani ya riga ya gaya masa zancen gurbin, ashe ba wanda ya gaya masa. Yunus ya ga ruwa mai zurfi babu raga ko ɗaya, ya ce yau arziki ya kira shi, ya zuba kallinsa, wato ragarsa. Da hantsi sai da ƙarti suka taru kafin aka jawo abin da ya kama, giwan ruwa tsawon mutum, fari tas a ciki. Ana ta sowa ana taya shi murna, sai Idi, abokin wasan Yakuba tun na yarinta, ya matso ya shafa bayan kifin. Yatsansa ya faɗa cikin giɓi. Idi ya zauna daɓas a cikin laka.

Aka aika a kira Yakuba. Ya zo da gudun da ba a taɓa ganin ya yi ba, malafa a hannu. Ya durƙusa, ya bi ƙayoyin da yatsa daga gaba zuwa baya, ya sake bi daga baya zuwa gaba. Kifin ya riga ya daina motsi. Yakuba ya dafa ƙirjinsa ya saurara, ya ji abin nan yana bugawa kamar kullum. Ya dubi hannuwansa. Ya dubi mutane.

"Idi," in ji shi, "kana ganina?"

"Ina ganinka."

"To mi ya saura?"

Mahaifin Yakuba dai bai taɓa cewa ko nan take mutum ke bin tsaransa ko ana ba shi ɗan lokaci ba. Yakuba ya zauna kusa da kifin yana jira ya faɗi. Rana ta take, yunwa ta kama shi, ya ji kunyar yunwar. Yunus kuwa da ya ji labari ya rantse ba zai taɓa ko ɓawon kifin ba, ya naɗe kallinsa ya gangara tun kafin a yi la'asar.

Aka ɗauko kifin zuwa gida, nan kuma aka shiga wata sabuwa. Yakuba ya ce a haƙa rami a rufe shi. Liman ya ce shi dai bai taɓa karanta inda aka yi wa kifi jana'iza ba. Ajuma ta ce ita ba za ta zuba ido naman da zai ciyar da unguwa ya ruɓe a ƙasa ba, alhaki ne. Ba ta jira izinin kowa ba ta daddatsa shi ta jera a kan banda. Da ya bushe kuma aka rasa mai saye aka rasa mai ci, don duk wanda aka miƙa wa sai ya ce ai kamar cin naman Yakuba ne.

Kan kifin ne kaɗai bai hau banda ba, kuma Zuhura ce ta hana. Zuhura ɗiyar Anas ce. Ta yi karatu a Yamai, daga nan ta wuce ƙasashen bakin teku, inda take aiki a wani labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, da ba a yin komai sai binciken kifayen ƙarƙashin teku. Ta zo gida hutun salla, ita da mahaifinta suka taho Tunuga da jin labari. Ta tarar da baffanta a kan tabarma ya miƙe ƙafa ya fuskanci gabas, yana cin fura a hankali kamar wanda ake kallo.

"Baba," ta ce, "ka ba ni kan kihin ga. Ina iya gane shekarunshi."

"Shekarunshi ai nawa na. Mi za ki gane?"

"To in gane naka ɗin. Ai kai ma ba ka san su daidai ba."

Wannan gaskiya ce, sai ya bar mata kan. Ta karɓi wuƙar Ajuma ta tsaga ƙoƙon kan, ta zaro wasu fararen duwatsu biyu masu kamar ɓawon gyaɗa. Yakuba ya san su, kowane masunci ya san su, amma bai taɓa tunanin suna da wani amfani ba. Zuhura ta ce dutsen nan daga tsakiya yake farawa, kowace shekara ya ƙara sabon rufi, kamar yadda ake yi wa ɗaki yaɓe. In an yanka shi sirara aka duba da madubi mai ƙara girman abu ana iya ƙirga rufin. Amma a tsofaffin kifaye rufin yana matsewa har ido ya ruɗe, shi ya sa ake komawa ga tsakiyar. Tsakiyar ba ta canzawa har abada, abin da ke cikin ruwan da aka haifi kifin a ciki yana nan a kulle.

"To mi ke cikin ruwa in ba ruwa ba?"

Ta ce wajajen lokacin da aka haife shi manyan ƙasashe sun yi ta gwada bama-bamai a sararin sama, har Faransa ta gwada nata a hamadar Aljeriya. Gwajin ya bar wata alama a iska, wani irin karbon, ruwan sama ya sauko da ita, ta shiga ciyawa da dabba da kifi a duniya duka. Wanda aka haifa kafin gwajin yana da ita kaɗan, wanda aka haifa ana tsakiyar yi yana da ita da yawa, daga nan kuma take ta raguwa shekara bayan shekara. In aka auna ta a tsakiyar dutse, sai a san wajen lokacin da aka haifi mai shi.

Yakuba ya ajiye ludayi. "Wato bom anka jefa cikin gulbinmu ba mu sani ba?"

"A'a, Baba, ba a jefa ba. Iska ta kawo."

"Iska ta kawo bom."

"Alamarshi."

"Kuma tana cikin kaina?"

"Kai naka yana cikin haƙori da ƙwayar ido."

Ya kai harshe ya lalubi bakinsa, inda haƙoran da suka rage ba su cika hannu ɗaya ba. "To shedun nawa sun riga ni tahiya," in ji shi. Anas ya yi dariya, Ajuma ta harare shi ya haɗiye.

Zuhura ta ci gaba, don ita in ta fara zancen aikinta ba ta ganin fuskar mai sauraro. Ta ce can ƙasan teku, inda rana ba ta kaiwa kuma ruwa ke da sanyin ƙanƙara, akwai kifayen da ke haura shekara ɗari. Akwai ma wani babban kifi a tekun arewa wanda aka auna ƙwayar idonsa aka kimanta ya yi ɗaruruwan shekaru, yana ta yawo a duhu tun kafin a haifi kakan kakansa. Ta faɗi haka ne don ta nuna masa kifin gulbi mai ɗumi ba haka yake ba, da sauri yake girma da sauri yake tafiya. Yakuba bai ji wannan rabin ba. Abin da ya tsaya masa shi ne na ɗaruruwan shekarun.

"Shi wancan kihin," ya ce a hankali, "tsaran wa na?"

Zuhura ta naɗe duwatsun a takarda, bayan salla ta koma da su.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka Yakuba ya shiga shiri ba wasa. Ya ba Idi jirginsa, ya raba ragoginsa ga 'ya'yan maƙwabta, ya aika Gaya aka yanko masa likkafani ya sa a ƙarƙashin matashi. Ya bi gida gida yana neman gafara, har da mutanen da bai taɓa yi wa komai ba, waɗanda suka rasa abin da za su yafe suka yafe a dunƙule. Dangi suka yi ta zuwa daga Tanda da Zabori ana yi masa sannu, kowa da kwanon abinci. Mutumin da ke jiran mutuwa sai ga shi yana ƙiba, wuya ya yi kauri, riga ta fara matsewa. Damina ta faɗi, aka yi shuka, gero ya tsaya da ƙafarsa, Yakuba na nan. Masu zuwa sannu suka ragu. Wasu suka fara gaishe shi da wata irin murya, kamar baƙon da ya yi sallama tun ɗazu amma har yanzu yana bakin ƙofa yana neman takalmi.

Shi kansa abin ya dame shi fiye da kowa. In ya yi atishawa sai ya ce ga ta nan, ya kwanta, can kuma ya tashi ya nemi goro. Ranar Juma'a ƙafarsa kan kai shi rumbun dusa, sai ya tuna ba jirgi ba kuma wanda za a kai wa, ya dawo ya zauna. Ajuma ko tana ta mayar da naman nan kan wuta kada ƙwari su shiga, tana cewa ita ba ta taɓa ganin mamacin da ya ci mata itace kamar wannan ba. Ba ta faɗi ko kifin take nufi ko mai kifin ba. Amma in ta ga ya yi barcin rana ya daɗe, takan lallaɓo ta tsaya a kansa har sai ta ga cikinsa ya motsa.

Ana gab da girbi Zuhura ta kira da sakamakon awon. Idi ne ya kawo salularsa, aka buɗe murya kowa na ji.

"Baba, rezilta ta hito. Mun ƙirga rufin, mun kuma auna tsakiyar, duka biyun bakinsu ɗaya. Kihin ga bai wuce sha huɗu ba, in an yi kuskure a ƙara ɗaya ko biyu, ko a rage. Ba tsaranka ba na. Ko kusa."

Ajuma ta rangaɗa guɗa. Idi ya ce Allahu akbar, yana kuma tunanin ko za a ce ya mayar da jirgi. Yakuba kuwa ya karɓi salular ya riƙe ta da hannu biyu.

"Sha huɗu? Da girman ga nashi?"

"Haka suke, Baba. Na hwaɗa maka da sauri suke girma."

"To ina nawa?"

Zuhura ta ce abin da aka sani shi ne giwan ruwa da wuya ya haura shekara ashirin. In aka bi wannan, nasa ya daɗe da tafiya, watakila tun kafin ya auri Inna Ajuma. Ta faɗe shi da murna, ita a ganinta albishir ne: ga shi tsaransa ya mutu tun tuni, shi kuma ko ciwon kai.

"To wa nike kai ma dusa shekaru duka?"

"Duk wanda ya samu gurbin, Baba. Wuri mai abinci ba ya rasa mai shi. Ƙaya kuma tana karyewa, ko a raga ko a bakin kada."

"A'a," in ji Yakuba. "Wanga ba karyewa ba ta. Na taɓa da hannuna. Daga tushe anka cire, biyu, a wurinsu. Aikin gidanmu na."

Yana rufe baki ya ji abin da ya faɗa. Ya juya ya dubi Ajuma, ya tarar ita ma shi take kallo, hannunta a kan baki. Ashe ana kukan targaɗe ne karaya na tafe.

Ga abin da su biyun suka tuna. Babbar ɗiyarsu Hawwa, wadda ke aure a Gaya, ta yi haihuwa uku tana binnewa. Da ta haifi ta huɗu, yarinya, Yakuba bai shawarci liman ba. Ranar suna ya kamo ɗan giwan ruwa, Ajuma da duk bakinta ita ta riƙe masa ƙwarya, ya cire ƙaya biyu ya sake shi a gurbin tsamiya. Hawwa ta sani, ita ce ma ta roƙa. Yarinyar ta rayu, aka sa mata Nuriya, yanzu tana kolej, kuma bana ta cika sha huɗu. Da aka jawo ƙaton kifin nan ba wanda ya kawo ta a rai, domin wa zai dubi abu tsawon mutum ya tuna da yarinyar da ko zani ba ta gama iya ɗaurawa ba?

Anas kuwa ya riga kowa jin rezilta, ya kuma bi gidajen dangi a Gaya yana shela cewa kifin ɗan sha huɗu ne, yayansa ya tsira. Kafin azahar saƙo ya iso Tunuga: Hawwa ta je ta ɗauko Nuriya daga lakwal, wato makaranta, ta rufe ta a ɗaki, tana ta kuka, ta hana ta ko zuwa rijiya.

Yakuba ya ce wa Ajuma ta zuba masa bandar nan a kwando. Ta tambaye shi me zai yi da ita, ya ce shi ma bai sani ba tukuna. Ya hau bayan babur ɗan kabu-kabu, kwando a cinya, suka kama hanyar Gaya ta cikin gonakin shinkafa.

A hanya ya yi ta juya zancen, duk inda ya kama sai ya suɓuce. In maganar mahaifinsa gaskiya ce, to yarinyar nan ce ke kan hanya. Amma ai kifin ya mutu tun bazara, ita kuma ko zazzaɓin damina ba ta yi ba. To shi ma ai ba a ce masa ga tsawon lokacin da ake ba mutum ba. In kuma nasa kifin ya mutu tun yana saurayi, ga shi da furfura, zance ya ƙare, al'adar banza ce. To in nasa bai mutu ba fa? In yana can ƙasan gurbi ya lafe, kamar wancan na tekun arewa, su Zuhura ne ba su san da shi ba? Ai su ma da ba su san akwai mai ɗaruruwan shekaru ba sai da suka auna. In kuwa al'adar banza ce, to ina Kwatano da bai gani ba, ina Jebba, ina duk dusar Ajuma? Mai babur ya tambaye shi ko magana yake yi, ya ce a'a. Har suka shiga gari ana kaucewa manyan motocin da ke jiran duwan, wato kwastan, bai tsayar da komai ba. Abu ɗaya kaɗai ya sani, ya ɗanɗana zaman jiran mutuwa damina guda, kuma shi tsoho ne ma ya ji jiki.

Ya tarar da gidan cike da mata, an yi jugum kamar ana zaman makoki. Hawwa na ganinsa ta zube a gabansa.

"Baba, mi munka yi? Ni na roƙe ka, ni na jawo mata."

"Tashi. Ina yarinyar?"

Aka buɗe ɗaki Nuriya ta fito da rigar lakwal a jikinta, ido ya yi ja. Ta ji komai ta bayan ƙofa, ba abin da mata suka rage. A da in ta gan shi takan tare shi da tsiya irin ta jika da kaka, yau kuwa ta tsaya jikin bango tana kallonsa, tana jira ya gaya mata ko za ta mutu. Yakuba ya ji tausayi ya kama shi. Ya nemi tabarma ya zauna, ya buɗe kwando.

"Ku saurara," in ji shi, da ƙaramar muryar nan tasa. "Ɗiyar Anas ta auna da ilimi. Nawa kihin ya mutu tun ban yi aure ba, ga ni zaune. Abin ga ba komi ba na. Kihi na, kihi kawai."

Ba wanda ya motsa. Magana ba ta ishe su ba, shi ma ya ga haka. Sai ya ɓalli tsoka ya yi bismilla ya kai baki. Tun da aka haife shi naman giwan ruwa bai taɓa shiga bakinsa ba. Ya tauna da 'yan haƙoransa, hayaƙin wata da watanni ya cika masa maƙogwaro, ya haɗiye da ƙyar. Ya ƙara wata. Wata tsohuwa ta yi salati.

Nuriya ta bar jikin bango, ta matso ta durƙusa gaban kwandon.

"Tsoho, rowa za ka yi? Kai kaɗai za ka cinye?"

"Nuriya!" in ji Hawwa.

Yakuba ya ɗaga mata hannu. Ya san in ya hana yarinyar nan, duk abin da ya faɗa ya zube. Ya zaɓi tsoka mai kyau ta wajen ciki ya shiga cire ƙaya. Giwan ruwa ba shi da ƙananan ƙayoyi, kowa a wurin ya sani, amma ya yi ta lalube yana juya ta, har sai da ya rasa abin cirewa. Sannan ya miƙa mata.

Ta ci. Ta yamutsa fuska ta ce Inna ta ƙona shi, kamar gawayi. Wata ta yi dariya daga baya, wata ta taya ta, Hawwa ta share ido da gefen mayafi. Yakuba bai yi dariya ba, idonsa na kan wuyan yarinyar har lomar ta wuce.

"Ƙara," ya ce mata, ya tura kwandon gabanta.

Ta kai hannu. Shi kuma a zuciyarsa yana roƙon Allah, da dukkan ƙarfin da ya rage masa, ya sa mahaifinsa ƙarya ya gaya masa, ya sa duk shekarun da ya yi a gindin tsamiya a banza ya yi su.